Yinin Shugabancin Maikano Tela

A shekarun nan da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, babu unguwar da ba ta kafa ƙungiya ba a Dogon Dutsi. Mahauta suna da tasu, masu awon hatsi suna da tasu. Mutanen unguwar gabas kuwa tasu ta rijiya ce. Tsohuwar rijiya ce, mata su ɗiba da safe, makiyaya su shayar da rana, ga shi bakinta ya fara zubewa, cikinta yana ta rarakewa. Sai 'yan kasuwa da Fulani suka haɗu suka kafa ƙungiyar sa kai, suka zaɓi shugabanninta, waɗanda ake kira biro.

Alhaji Mamman mai goro shi ne shugaba. Manu, wani makiyayi da rugarsa ke bayan dutsi, shi ne mataimaki. Mushe Mani malamin lakwal, wato makarantar boko, sakatare, Ɗanmalam mai awo ma'aji. Na biyar Maikano tela, aka ba shi ajiyar kaya, wato igiya da guga da tabarmi da benci. Ta ƙarshe Kaltume mai fura, wakiliyar mata, wadda taubashiyar Maikano ce, ba ta taɓa barinsa ya wuce gabanta lafiya ba.

Wannan rabo bai yi wa Maikano daɗi ba. Shi fa ya taɓa zama Yamai damina guda, yana aiki gidan wani Bature, kuma duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji labarin. A faɗarsa, Baturen ba ya sa hannu a takarda sai ya tambaye shi. A faɗar waɗanda suka san shi can, guga yake yi, kuma wandon da ya ƙone ne ya dawo da shi gida. Abin da ya kawo daga Yamai bai wuce kalmomin Faransanci da za su cika tafin hannu ba, amma yana zuba su cikin kowace magana kamar gishiri.

Wata ranar taro, Mushe Mani ya karanta wa biro dokokin ƙungiya, yana fassarawa. Da ya zo kan dokar gado sai ya ce in shugaba ba ya wurin taro, mataimaki ya hau kujera. In shi ma ba ya nan, sakatare. In babu sakatare, ma'aji, haka har ƙasa. Wanda ya hau kuma ya ɗauki aikin waɗanda ba su nan. Maikano yana gyangyaɗi, farkon dokar ya tashe shi, ƙarshenta bai shiga kunnensa ba, don tuni ya fara lissafi da yatsu.

Daga nan Alhaji Mamman ya ba da labari mai daɗi. Ran Alhamis bayan la'asar wani babban ma'aikacin rijiyoyi zai zo daga Yamai. In ya gamsu, za a ba su siminti da ƙarfe a ɗaure rijiya kafin damina. In bai gamsu ba, sai wata shekara, in rijiyar ta kai. Shugaba ne zai tarye shi, ya zauna kusa da shi, ya yi jawabi.

Maikano ya koma gida yana tafiya kamar mai sabon takalmi. Ya tarar da matarsa Hure tana tankaɗe, ya tsaya a kanta ya ce ta shirya, ran Alhamis za ta zama matar perzidan, wato shugaba. Ta tambaye shi ko mutum huɗun da ke gabansa mutuwa za su yi. Ya ce ba sai sun mutu ba, tafiya kawai za su yi, kuma shi ya san inda zai aika kowa, Matankari.

"Baban Ladidi, in duk ka tura su gari guda, ba za su gamu ba?"

"Ke mi kika sani ga politiki? Matankari ƙauyenku ne da za a gamu?"

Hure ta ci gaba da tankaɗenta.

Ya fara da Alhaji Mamman, wanda ciwon baya ya daɗe yana damunsa. Maikano ya zauna a rumfar goro, ya yi ta jajantawa, sannan ya rage murya ya ce akwai wani mai gyaran baya a bayan kasuwar Matankari, taɓawa guda yake yi mutum ya miƙe kamar kara. Sai dai Alhamis kaɗai yake aiki, kuma wannan ce Alhamis ɗinsa ta ƙarshe kafin ya wuce Makka. Alhaji ya ce ga baƙo kuma. Maikano ya ce ai don haka aka yi doka, Manu yana nan. Kuma zai fi kyau baƙo ya ji an ce shugaba ya yi tafiya, da ya ga shugaba a duƙe kamar mai neman allura. Alhaji ya ce zai yi sammako a kan jaki, in Allah ya so ya dawo da wuri.

Manu bai ba shi wahala ba. Tun bara wata saniyarsa ja mai karyayyen ƙaho ta ɓace, har yanzu in ya tuna sai ya bar cin abinci. Maikano ya same shi a bakin rijiya ya ce wani direba ya ga irinta sak a hannun wani mahauci a Matankari, kuma ran Alhamis za a sa mata wuƙa. Manu bai ma bari ya ƙare ba, ya ce Alhaji yana nan ai, shi kam da asuba yana hanya.

Mushe Mani saurayi ne, yana neman wata yarinya Zalihatu a can Matankari, an kusa sa rana. Maikano ya bari sai da ya zo gwajin wando, yana auna masa ƙugu ya ce, kamar abin bai dame shi ba, an ce wani ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, mai kaki yana yawan zama a zauren su Zalihatu, har ran Alhamis zai kai kaya. Mushe ya ce ƙarya ne. Ya ce ƙarya ne sau da yawa. Da zai fita ya tambaya ko Maikano yana da famfon keke. Alhamis dama babu lakwal.

Ɗanmalam ne ya zama ƙashi. Mutum ne siriri, mai shiru, wanda ba ya barin buhunan hatsinsa ko da gobara. Maikano ya ce masa gero ya faɗi warwas a Matankari, ya ce to za su kawo shi nan. Ya ce masa surukinsa na Tibiri ba shi da lafiya, ya ce Allah ya ba shi sauƙi. Ya ce masa ana rabon awaki kyauta, ya ce ba ya kiwo. Maikano ya dawo gida yana huci, ya ce wa Hure wanda ba ya tafiya da ƙafa, cikinsa zai tafi da shi.

Ran Alhamis da hantsi, bayan ya tabbata jaki da keke da mai sanda duk sun kama hanyar arewa, ya sa Hure ta dama kunun tsamiya. Da ta juya baya ya zuba jiƙon filasko a ciki, wanda ya isa ya wanke cikin raƙumi. Ya ɗauki ƙwarya da kansa ya kai rumfar awo.

Ɗanmalam ya dubi ƙwarya, ya dubi Maikano. Ya ce tun suna yara bai taɓa ganin Maikano ya ba wani ko ƙwayar gyaɗa ba, yau lafiya? Maikano ya ce zumuncin biro ne. Ɗanmalam ya ce to zumunci ba ya shan kunu shi kaɗai, ya ɗauko ludayi ya miƙa masa. Maikano ya ce ya ƙoshi. Ɗanmalam ya ce shi ma ya ƙoshi, ya fara rufe ƙwaryar da faifai. Ganin shugabanci zai kuɓuce saboda ludayi guda, Maikano ya karɓa ya sha. Ɗanmalam ya sha guda, ya miƙo. Haka suka yi ta yi, kowa yana kallon maƙogwaron ɗan'uwansa, har ƙwarya ta ga ƙasa.

A hanyar gida Maikano ya lallashi kansa. Shi da ya ci abincin Turawa cikinsa bai motsa ba, ganyen daji ne zai motsa shi? Da azahar labari ya zo cewa Ɗanmalam ya bar rumfa a buɗe ya yi gida da gudu, abin da ba a taɓa gani ba. Maikano ya buga cinya ya ce wa Hure, wala, an gama.

Sai dai tun kafin ya gama murna Kaltume ta yi sallama. Ta ce ta ji shi ne shugaba yau, to ta zo ta ji inda ragon baƙo yake. Maikano ya ce rago aikin Manu ne. Ta ce goro fa? Ya ce na Alhaji ne. Jawabin Faransanci? Na Mushe. Makullin ɗakin da kujerar shugaba take? Yana wurin Ɗanmalam. Kaltume ta ce madalla, ai dokar ta ce wanda ya hau ya ɗauki aikin waɗanda ba su nan, ko lokacin da aka karanta wannan yana Yamai? Ta juya ta tafi tana dariya.

Maikano ya bazama. Ya je rugar Manu, aka nuna masa ragon, ya ce ba ya bukatar taimako, shi ya taɓa riƙe karen Bature. Ragon ya ja shi cikin ƙaya, ya kayar da shi a gaban masu daka, ya tsinke ya shige cikin garken wani, ba a sake ganinsa ba sai washegari. Ya je rumfar Alhaji, a kulle, sai ya ciwo bashin goro daga wata tsohuwa, duk ya bushe ya yi tamoji. Ya je gidan Ɗanmalam neman makulli, aka ce maigida yana bayan gida. Ya jira, Ɗanmalam ya fito, kafin a gama gaisuwa ya koma. A karo na gaba Maikano ya bi shi har bakin zana yana roƙo, sai makullin ya faɗo ta saman zanar ba tare da magana ba.

Duk da haka bai manta da ado ba. Ya taɓa ganin manya a Yamai suna rataya ɗamara mai launin tuta, shi ma sai ya yi. Ya duba cikin ɗinkin mutane, ya sami wani sabon zane mai kore da fari da ruwan goro, ya tsaga gefensa tsawon gaba guda, ya bi da keken ɗinki, ya rataya daga kafaɗa zuwa ƙugu. Hure ta ce zanen na da mai shi. Ya ce mai shi za ta yi alfahari.

La'asar ta yi, unguwa ta cika bakin rijiya. Dattawa a kan tabarmi, mata a gefe da tulunansu, Fulani a tsaye sun jingina da sanduna, shanu a bayansu suna jiran a gama su sha. Maikano ya zauna a kujerar shugaba ya ɗora ƙafa kan ƙafa. A lokacin ne cikinsa ya yi wata ƙara mai tsawo, har dattijon da ke kusa ya ɗaga kai ya duba gabas ko hadari ne.

Kaltume ta iso, idonta ya sauka kan ɗamara. Ta matso ta kama gefenta ta murza, ta ce wannan ai zanen da ta kai a yi mata kalmasa ne. Maikano ya ce cikin raɗa ta yi wa Allah ta bari sai baƙo ya tafi. Ta ce za ta bari, amma duk inda ya je da zanenta tana biye.

Mota ta tsaya. Baƙon saurayi ne dogo, da farar riga da tabarau, direbansa na biye da wani ɗan akwati a rataye. Maikano ya miƙe, ya gyara ɗamara, ya buɗe baki.

"Bonjur Mushe. Muwa perzidan. Rijiya, wala. Tarebiyan. Siminti dakor, mersi boku. Atansiyo, pantalo."

Maganar ƙarshe, wato a kula da wando, ita ce wadda Baturensa ya fi faɗa masa, ta fito ne da kanta. Baƙon ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge, sannan ya ce da Hausa tsantsa, "Sannu da ƙoƙari, Baba. Mu yi ta da Hausa, ni ma ɗan ƙasa ne."

Mata suka rufe baki da gyale. Maikano ya ce dama don girmamawa ya yi, Hausa ai ba ta gagare shi ba. Baƙon ya tambayi zurfin rijiya. Maikano ya ce tana da zurfi ƙwarai. Ya tambaya daga ina ta fara zubewa a ciki. Maikano ya ce daga ko'ina. Da ya ga fuskar baƙon ba ta gamsu ba, sai ya ƙara da cewa babu wanda ya san rijiyar nan kamarsa, don da hannunsa ya gina ta. Wani tsoho da kakansa ya sha ruwan rijiyar yana yaro ya yi tari har sai da aka buga masa baya.

Baƙon ya ce alhamdu lillahi, aiki ya yi sauƙi. Ba zai iya rubuta siminti ba sai ya san inda ɓarnar take, kuma a wasu garuruwa sai an sha wahala kafin a sami wanda ya san cikin rijiya. Tun da ga wanda ya gina ta, sai a zura shi ya dubo.

Maikano ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce a dokarsu shugaba ba ya shiga rijiya, wannan aikin mai ajiyar igiya ne.

"Shi ma kai ne," in ji Kaltume.

Dattawa suka ce gaskiya ne. Aka kawo igiya, ƙannen Manu suka ɗaura masa a ƙugu da hammata. Sai da ƙafafunsa suka bar ƙasa ya tuna cewa igiyar nan ya sha yankarta yana ɗaure akuyarsa, ya ƙuƙƙulla abin da ya rage. Duk ƙullin da ya bi ta kan itacen bakin rijiya sai ya ji shi a ƙirjinsa. Yana sauka yana salati, ɗamara tana lilo, har ya sami wani ɗan tudu a jikin bango kusa da ruwa ya dafe.

A sama kuwa Kaltume ta dubi kujera, ta dubi dattawa, ta tambaya ko akwai mai ganin Maikano a wurin taro. Aka duba hagu da dama, aka ce babu. Ta ce to doka ta ce in mutum ba ya nan, na bayansa ya hau. Ta gyara ɗaurin zane ta zauna daram.

Daga ƙasa murya ta taso tana amsa kuwwa: "Ina nan! Ban tahi ko'ina ba!"

Kaltume ta ce a rijiya akwai kwaɗi, kada a kula. Ta juya ga baƙo ta faɗa masa yadda ƙasa ke zubowa cikin guga, yadda mata ke tace ruwa da gyale, yadda wata saniya ta kusa faɗawa da bakin ya rufta. Baƙon yana rubutawa. Direban ya buɗe akwatinsa, ashe na ɗaukar hoto ne, ya ce a tsaya a yi na tarihi. Baƙo ya miƙa wa Kaltume goro a madadin gaisuwar hannu, dattawa suka jeru, aka ɗauka.

Ana cikin haka sai ga jaki ya ɓullo daga arewa, Alhaji Mamman a kai. A gefensa Manu da sanda, a ɗaya gefen Mushe Mani yana tura keke, kunnensa guda ya kumbura ya yi kamar masa. Sun gamu ne a gindin wata bishiya a bakin kasuwar Matankari, kowa ya zauna yana jinyar abin da ya same shi. Da aka fara wa ya aiko ka, wa ya aiko ka, sai suna guda ya fito sau uku.

Suka gaida baƙo da ladabi, suka ba shi haƙuri, sannan Alhaji ya tambaya ina tela. Hannuwa suka nuna rijiya. Su ukun suka je suka leƙa.

Maikano ya ɗaga kai ya ga kawuna uku sun tare masa haske. Ya gane hular Alhaji, ya gane malafar Manu. Ya tattara muryarsa ya ce, "Alhaji, an dawo lahiya? Yaya bayan?"

Alhaji ya ba shi labari a nutse, yadda kowa zai ji. Ya yi ta tambayar mai gyaran baya a bayan kasuwa, aka kai shi wurin wani mai jinyar jakai. Mutumin ya kwantar da shi rubda ciki, ya sa almajiransa na sana'a suka danne shi, sai da ya ji ƙaurin wuta ya waiga ya ga ƙarfe ja wur ana nufo shi da shi. Bai san lokacin da ya watsar da su ya tsallake katanga ba.

"Ka tsallake katanga, Alhaji? Da wanga baya? To ai magani ya ci."

Manu ya karɓi igiya daga hannun ƙannensa, ya ɗan sassauta ta, har dugadugan Maikano suka taɓa ruwa. Ya ce shi saniyar wani ya kama a kasuwa yana kuka yana kiran sunanta, aka taru a kansa ana ɓarawo, sai da ya rantse a gaban sarkin kasuwa aka sake shi. Maikano ya ce direban ne bai iya kallon saniya ba, shi ma zai neme shi. Mushe Mani ya ce ya tarar da mai kaki a zauren su Zalihatu kamar yadda aka faɗa, ya zazzaga masa Faransanci mai zafi, ashe ƙanen mahaifinta ne da ya dawo daga soja, kuma ya fi shi jin Faransancin, da mari a kunne ya amsa masa. Yanzu an ce kada ya sake taka ƙofar gidan sai da manyansa.

Alhaji ya ce a jawo shi. Maikano ya rungume wani dutse a jikin bango ya ce ba ya fitowa. Aikin gwamnati yake yi, bai gama dubawa ba. In ana so ya fito, sai Manu ya ajiye sanda, Mushe ya koma bayan mata, Alhaji ya rantse ba za a taɓa shi ba. Aka yi ta ciniki, sama da ƙasa, baƙo yana zaune ya toshe baki da hankici, kafaɗunsa suna rawa.

Sai ga Ɗanmalam, yana dogara sanda, idanu sun faɗa, yana tafiya kamar mai taka ƙwai. Ya gaida jama'a da ƙyar, ya ce shi ba faɗa ya kawo shi ba. Ya zo ne ya faɗa cewa kunun da tela ya kawo masa da hantsi ba kunu ne kaɗai ba, kuma tare suka sha, ludayi da ludayi. Shi tun azahar bai zauna ba. Ya tambaya ina telan yake, ko shi nasa bai fara ba?

Wurin ya yi tsit. Mata suka dubi rijiya, suka dubi tulunansu. A cikin shirun nan wata ƙara ta taso daga ƙasa, rijiya ta ƙara mata girma, har wata saniya ta ja da baya.

Muryar Maikano ta biyo baya, ta zama 'yar ƙarama. "Manu, ɗan'uwana. Na gama dubawa. Jawo ni."

"Ka ce sai na aje sanda."

"Riƙe abarka. Jawo ni da ita."

Kaltume ta miƙe daga kujera ta ce duk mai shan ruwa a unguwar nan ya kama igiya. Ba a taɓa ganin haɗin kai irin na ranar ba. Dattawa, mata, Fulani, Mushe da kunnensa, Alhaji da bayansa, har direban baƙo, kowa ya kama. Maikano ya fito kamar guga, yana bugun bango hagu da dama. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya fara gudu da igiyar a ƙugu, Manu ya sa wuƙa ya yanke. Kaltume ta cafke ɗamara, ya yi juyi guda ya bar mata, hula ta faɗi, takalmi ya bi ta, ya nufi cikin sabara yana ƙanƙame da ciki.

Baƙon ya miƙe yana share hawaye, ya ɗaga murya ya tambaye shi abin da ya gani a cikin rijiyar.

Daga cikin sabara amsa ta zo: "Duhu, Mushe."

Baƙon ya ce zai aiko da ma'aikatansa su auna da fitila. Ya cika alkawari, kafin ruwan farko siminti ya iso, aka ɗaure rijiya tun daga ƙasa har baki. Alhaji da kansa ya ja dattawa suka je Matankari suka gyara maganar Mushe Mani. Biro ta zauna a kan Maikano, aka so a cire shi, sai aka rasa mai son ajiyar benci da guga. Aka bar masa kayansa, amma aka mai da shi ƙarshen layi, bayan Kaltume, aka kuma sa shi ɗinka mata sabon zane da murza sabuwar igiya.

Ya yi kwanaki ba ya fitowa sai ta bayan gida. Ran da hoton ya iso daga Yamai aka kafa shi a rumfar Alhaji, sai ga shi ya zo ya kutsa cikin masu kallo. Ga Kaltume a kujera, ga baƙo, ga dattawa a jere. Ya daɗe yana dubawa. Wani baƙon mai sayen goro ya tambaya ko shi ma ɗan biro ne, don bai gan shi a ciki ba.

Maikano ya ce ya matso. Ya ɗora yatsa a can gefen hoton, inda wani siririn layi ya bi ta kan itace ya shige bakin rijiya.

"Ka ga wagga igiya? To ni ne a ƙarshenta."